Inda na kai da na'urar auna bugun zuciya a kan keke

'Yan uwa masu koyon tuƙa keke don motsa jiki, barkanmu da ƙoƙari. Na san da yawanmu muna mataki ɗaya yanzu: ƙafa ta saba da feda, hakin farko ya ragu, sai mutum ya fara son sanin abin da ke gudana a ƙirjinsa ba tare da kintace ba. To ni dai na tsaya a kan ɗamarar ƙirji mai sauƙin kuɗi, wadda ke aiki da Bluetooth da ANT+ duka biyun, wato hanyoyi biyu na aika bayani ta iska. Ita nake ɗaurawa duk fita, kuma har yau ban ga dalilin neman wadda ta fi ta tsada ba.

In aka cire kwalliyar talla, na'urorin nan iri biyu ne. Ɗamarar ƙirji tana ɗauko 'yar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa duk sanda ta matsa, wato abin nan da na'urar asibiti ke zanawa a takarda. A cikin ɗamarar akwai faci biyu na roba mai santsi, su ne ke manne wa fata, sai ɗan akwatin da ke maƙale a gaba ya tura lambar zuwa waya ko kwamfutar keke, wato 'yar na'urar da ake maƙalawa a kan keke tana nuna gudu da nisa. Dabarar ta daɗe. Kamfanin Polar na ƙasar Finland, wanda aka kafa a 1977, ya fitar da irinta mai aikawa ta iska tun 1982. Abin da aka shafe sama da shekara arba'in ana ƙerawa ya daina zama sirri, shi ya sa ƙananan kamfanoni irin su Coospo da Magene ke yin ɗamarar da ke ƙirga bugu daidai, ba sai Polar ko Garmin ko Wahoo ba. Ana cewa araha ba ta ado, amma ai abin da ke ƙarƙashin riga ba ado aka saya ba.

Iri na biyu shi ne mai koren haske, wanda ke bayan agogon hannu. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk bugu, in jini ya cika ƙananan jijiyoyin fata, hasken da ke dawowa cikin agogon sai ya ragu, da haka yake ƙirga. A zaune ko a kwance ko ana tafiyar ƙasa, yana yin aikinsa lafiya lau. Keke ne ke ba shi wahala. Wuyan hannu a lanƙwashe yake, yatsu sun damƙe kan keke, tsoka ta ɗaure, ga jijjigar hanya tana girgiza agogon a kan fata. Na ɗaura su biyun na hau tudu guda don in gani da idona. Tun daga gindin tudun lambar ɗamarar ta fara hawa ɗaya bayan ɗaya, tana tafiya tare da hakina. Agogon kuwa ya kafe a ƙasa kamar ba abin da ke faruwa, sai da na kai sama na saki kan keken na miƙe hannu, sannan ya yi tsalle ya cim mata, a lokacin da bugun ya riga ya fara sauka. Sanyi ma yana rage jinin da ke zuwa fatar hannu, zanen tawada a fata yana tare hasken, kuma sinadarin da ke sa fata duhu shi ma yana shan koren haske. Don haka mai agogo ya gwada shi a jikinsa, ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan ɗaya hannun, ya ƙirga na daƙiƙa 15 ya ninka huɗu, ya kwatanta.

Wanda ba ya jure abu a ƙirji, kuma na san akwai su, musamman 'yan uwanmu mata da ɗamarar ke haɗuwa da bakin rigar mama tana gurzar su, akwai mafita: mai hasken da ake ɗaurawa a damtse, irin su Polar Verity Sense ko na Coros ko Scosche. Damtse yana da nama, ba ya lanƙwasa, jijjiga ba ta kai masa kamar wuyan hannu, shi ya sa ya fi agogo gaskiya a kan keke. Sai dai caji ake yi masa a kai a kai, kuma yawanci ya fi ɗamarar ƙirji kuɗi.

Inda na fi ɓata lokaci kafin saye shi ne batun haɗi, kuma a nan nake so ku natsu, domin a nan kuɗi ke salwanta. Na'urar da ba ta haɗu da abin da kake da shi ba, ko kyauta aka ba ka, ba ta da amfani. ANT+ wani kamfanin Kanada ne mai suna Dynastream ya ƙirƙiro shi, Garmin ta saye kamfanin a 2006. ANT+ shela yake yi, duk na'urar da ke kusa kuma ta san lambarsa za ta iya karɓa, ko kwamfutar keke da agogo da kwamfutar ɗaki a lokaci guda. Bluetooth mai ƙaramin cin wuta, wanda ya zo a 2010, shi ne wayoyi suka sani, amma yawancin ɗamaru masu araha haɗi ɗaya kawai suke bayarwa ta nan. Ma'ana in wayarka ta riga ta kama ɗamarar, wata na'urar ba za ta ganta ta Bluetooth ba ko ka kwana kana nema. Polar H9 haɗi ɗaya take da shi, H10 biyu. IPhone ba ta da ANT+ sam, kuma sababbin wayoyin Android da yawa ba su da shi. Ni da waya kawai na fara, Bluetooth ya ishe ni, amma na zaɓi mai duka biyun saboda ranar da zan samu kwamfutar keke ta hannu, kada sai na sake sayen ɗamara. Wani tarko kuma: akwai tsofaffin ɗamaru masu aikawa a kan 5 kHz, waɗanda injinan ɗakin motsa jiki ke karantawa. Ana sayar da su da arha sosai, kuma waya ba ta jin su ko kaɗan. A karanta jikin kwalin da kyau.

Ƙaramin abu da zai hana ciwon kai: a haɗa ɗamarar daga cikin manhajar da ake amfani da ita, Strava ce ko Zwift ko wata, ba daga jerin Bluetooth na wayar ba. Kuma sai an ɗaura ta a jiki take farkawa. A kan tebur ba za ta bayyana ba.

Ƙarin kuɗin manyan ɗamaru, me yake saya? Wasu suna ajiye bayanin motsa jiki a cikinsu ko babu waya, wasu suna auna yadda mai gudu ke taka ƙasa, wasu an yi su don iyo. Mai keke da wayarsa a aljihu ko a kan keke ba ya buƙatar ko ɗaya. Abin da na yarda ya bambanta shi ne ƙyallen ɗamarar kansa. Na manyan kamfanoni ya fi laushi, ya fi zama wuri ɗaya. Amma ƙyalle, ko na wane ne, shi ke fara mutuwa: roba ta saki, gishirin gumi ya ci facin. Don haka na duba cewa ɗan akwatin da maɓallai biyu yake maƙalewa, ana ciro shi, a sayi sabon ƙyalle kaɗai. Batir kuma na zaɓi mai ɗan faifan nan CR2032 da ake canzawa da hannu, wanda ke kai ɗaruruwan awoyi, maimakon wanda aka rufe a ciki, in ya mutu na'urar ta mutu.

Kula da ita ba wuya, amma sai an dage. Kafin in ɗaura, ina jiƙa yatsa in shafa wa facin biyu ruwa har su yi sheƙi, in ɗaura ta ƙasa da ƙirji kaɗan, a kan ƙashin haƙarƙari, in ja ta yadda ba za ta zame ba kuma ba za ta hana ni cika huhu ba. Busasshiyar fata ba ta ba da siginar kirki. In ka ga lamba ta haura 200 a farkon fita alhali ko gumi ba ka yi ba, yawanci facin ne a bushe, ko rigar leda ce iska ke kaɗawa tana tara wutar gogayya. Da gumi ya karyo sai ta daidaita. Bayan dawowa ina ɓalle akwatin nan take, domin in an bar shi a jiƙaƙƙen ƙyalle bai san an gama ba, batir yake ci, maɓallan kuma su yi tsatsa. Ƙyallen a ɗauraye da ruwa a shanya a inuwa.

Sai lambobin kansu, kuma nan ne aikin gaske ya fara. Kusan kowace manhaja tana ɗaukar 220 ta cire shekarunka ta ce iyakar bugunka ke nan. Akwai wani lissafin da Tanaka da abokan aikinsa suka fitar a 2001, wato 208 a cire shekaru sau 0.7. Ga mai shekara 30, na farko ya ba da 190, na biyu 187. Ga mai 50, na farko 170, na biyu 173. Dukansu matsakaicin jama'a ne, mutum ɗaya yana iya saɓa musu da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa, kuma lafiyarsa ƙalau. Ga wanda bai daɗe a keke ba, iyakar da zai kai a kan sirdi takan gaza wadda zai kai da gudu. Saboda haka kada ka kalli lambar abokin tafiyarka ka ji ka gaza ko ka fi shi.

Lissafin da ya fi shiga raina shi ne na Martti Karvonen, wani likitan Finland, na 1957, domin yana sa bugun hutu a ciki. A ce iyakarka 180, bugunka da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa 60. Tazarar ita ce 120. Kashi 70 cikin ɗari na 120 shi ne 84, ka mai da 60 ɗin a kai, ya zama 144. Da kashi 70 na 180 ka ɗauka kai tsaye, 126 za ka samu. Bambancin bugu 18 ke nan a kan abin da duka biyun ke kira kashi saba'in, don haka ka san wanne manhajarka ke bi kafin ka amince da launukan da take nuna matakan horo da su. Bugun hutu na baligi yawanci tsakanin 60 ne da 100, masu horo sosai sukan sauka ƙasa da haka, kuma saukarsa a hankali cikin watanni na daga alamun da suka fi faranta mini rai.

Babban amfanin da ɗamarar ta yi mini shi ne riƙe ni a ranakun tafiyar sauƙi. Jiki yana son matsakaicin wahala, inda ake haki kaɗan ana jin an yi aiki, kuma kullum can yake ja. Yanzu ina da lambar da ba na wucewa a doguwar tafiya, na same ta ta hanyar magana: inda zan iya faɗin cikakkiyar jimla ba tare da na yanke ta don jan numfashi ba. In tudu ya zo, giya nake saukewa, in bar masu sauri su wuce. A gajeren tsere na daƙiƙa 30 kuwa ba na kallonta, domin zuciya tana biyo ƙafa ne a baya, kafin lambar ta hau an gama.

Lambar kuma tana jin abubuwan da ba feda ba. Zafin rana, ƙishirwa, rashin barci, kofi, zazzaɓin da ke tafe, duk suna ɗaga ta. Magungunan hawan jini na rukunin beta-bloka suna danne ta, mai shan su ya tambayi likitansa kafin ya bi kowane lissafi. Kuma ɗamarar nan ba likita ba ce. Ciwon ƙirji, jiri, ko jin zuciya na tsalle ba tsari, a sauka daga keke a nemi asibiti, ko lambar ta ce komai daidai ne. Ina roƙonku da wannan.

Abin da nake kai yanzu shi ne lura da yadda bugu ke hawa shi kaɗai a doguwar tafiya, gudu bai ƙaru ba, giya ba ta canza ba. Jiki ya yi zafi, ruwa ya ragu a jini, zuciya sai ta ƙara yawan bugu don ta tura abin da take turawa da farko. Ina bin hanya guda mai shimfiɗa, in kwatanta matsakaicin rabin farko da na rabin ƙarshe, ina sa ran tazarar ta ragu yayin da juriya ke ƙaruwa. Bayan haka sai gwajin minti 30 da iyakar ƙarfin da zan iya riƙewa ni kaɗai, a ɗauki matsakaicin minti 20 na ƙarshe, daga shi zan sake yanka matakan horona. Wanda ya riga ya yi wannan gwajin a cikinku, ina son jin yadda ya raba ƙarfinsa a minti goman farko.