Saƙon godiya bayan fashewar duro a wurin aikinmu na walda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tashi kafaɗuna, ina miƙa wannan saƙo ga duk waɗanda suka tsaya mini tun daga ranar da duro ya fashe a gabana ina tsakiyar aiki, har zuwa ranar da aka sallame ni daga asibiti bayan mako biyar ina kwance. Mutane da yawa sun tambayi yadda abin ya faru, kuma ina ganin godiyata ba za ta cika ba sai na faɗa, domin abokan sana'a da dama har gobe suna karɓar irin aikin da ya kai ni ga wannan hali.

An kawo mana duron ƙarfe mai cin lita 200 domin a yanke bakinsa. Wanda ya kawo ya ce ya daɗe babu komai a ciki, ni kuma na girgiza shi ban ji motsin ruwa ba, sai na kunna wutar yanka ba tare da na ko buɗe murfinsa ba. Laifin nawa ne, domin ni na san aikin, shi bai sani ba. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur yana nan da haɗarinsa ko da ya bushe ƙayau, saboda tururin man da ya rage yakan gauraya da iskar da ke ciki, kuma tururin da bai kai kashi 2 cikin 100 na iskar ba ya isa ya kama da wuta. Harshen wutar oksijin da asitilin kuwa, wato gas biyun da muke yanka da su, zafinsa ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Selshiyas. Abin da ya kamata in yi shi ne in buɗe murafen, a wanke cikinsa sosai, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yanka, ko kuma in mayar wa mai shi kayansa.

Godiyata ta farko ga ƙaramin yaron da ke koyon aiki a hannuna ce. Lokacin da kowa ya yi ta kansa, shi ya ruga ya rufe bakin tukwanen gas ɗin biyu kafin wuta ta kai ga tiyo. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Sai maigidana, wanda a hannunsa na koyi wannan sana'a. Baba, sau da yawa mun ɗauki tsananinka a matsayin takurawa, amma a ranar na ga amfaninsa da idona. Kai ka tilasta a ɗaure tukwanen gas da sarƙa a tsaye, kana tuna mana cewa asitilin narkakke ne a cikin sinadarin asiton, kuma idan tukunya ta kwanta sinadarin na iya biyo tiyo. Kai ka saka na'urar da ke hana wuta komawa baya ta cikin tiyo zuwa tukunya, ka kuma hana kowa taɓa kan tukunyar oksijin da hannu mai maiƙo, domin mai ko giris na iya kamawa da kansa idan ya haɗu da oksijin mai ƙarfi. Ko sharar tsummoki da kwalaye da kake sa mu yi kowace safiya, saboda tartsatsi na iya tashi har mita 10, ita ta sa wutar ba ta sami abin ci ba kafin maƙwabcinmu ya iso da abin kashe gobara. Shi ma ina gode masa ƙwarai.

Akwai wata baiwar Allah, malamar jinya, da ta zo wucewa a daidai lokacin. Ta hana masu son shafa mini man goge baki da ɗanyen ƙwai, ta sa aka yi ta kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20, ta cire mini agogo kafin hannun ya kumbura, sannan ta rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle. Daga baya likita ya shaida mini cewa wannan ya rage zurfin ƙunar. Hajiya, ban sami damar ganinki ba tun ranar, ina fata wannan saƙo zai kai gare ki.

Ina gode wa likitoci da malaman jinya da suka yi mini dashen fata a hannun dama, suka jure wankin ciwo dare da rana. Su suka nuna mini cewa inda rigar fata da safar hannu suka rufe bai ƙone ba, ƙunar ta tsaya ne a damtsen da na naɗe hannun riga saboda zafi, kuma da rigar leda ce a jikina maimakon ta auduga, da ta narke ta manne da fata. Likitan ido ya tabbatar mini cewa gilashin da na saka shi ya tare ɓarɓashin ƙarfe. Ya kuma ja kunnena a kan wani abu da muka mayar ba komai ba, wato ciwon idon da ke tasowa sa'o'i 6 zuwa 12 bayan kallon hasken walda, wanda mutum zai ji kamar an zuba masa yashi. Ya ce hasken ne ke ƙona saman ƙwayar ido, kuma yakan kama har wanda ke tsaye a gefe yana kallo.

Ga mahaifiyata da maiɗakina da 'yan'uwana da suka kwana a bakin gadona, da waɗanda suka ba da jini, da abokan sana'a da suka riƙe iyalina suka kuma ƙarasa ayyukan da na bari, ba ni da bakin gode muku. Likita ya ba ni wata biyu ina motsa hannun kafin in koma bakin aiki, kuma na riga na roƙi maigidana ya ba ni dama in zauna da yaranmu in nuna musu tabon, in kuma bi da su matakan wanke duro ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyar da na baro a asibiti sauƙi, amin.