Keken tsere mai tsada da ɗan ƙarfen da ya ajiye shi

Duk wanda ya ce min zai ƙara kuɗi ya sayi keken tsere mai jikin kabon, wato wani abu da ya fi alminiyom rashin nauyi, abin da nake ce masa shi ne ya fara tambayar mai gyaran kekensa ko yana da kayansa. Ni dai har yanzu raina bai huce ba.

Kekena na da na hannu ne, jikin alminiyom, giya takwas a baya. Da shi muke fita da abokai ranar Asabar bayan sallar asuba, mu taso daga Dandalin Murtala a Kaduna, mu bi ta Kawo mu miƙe hanyar Zariya, mu juyo a Rigachikun kafin rana ta take. Motsa jini muke yi, ba gasa ba. Sai na samu wani mai jikin kabon, giya goma sha ɗaya, kuɗinsa ya isa sayen babur. Na saya, tsohon kuma na ba ƙanena.

Daɗin hawa kam akwai shi. Giya na shiga ba gardama, burki na kamawa da yatsa biyu. Amma gudu? Waɗanda suke gabana a da suna nan gabana. A shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce ke riƙe mutum fiye da nauyin keke, kuma jikin mahayi ta fi bugawa. Kilo biyun da na rage, in aka haɗa ni da keken aka auna, ko kashi uku cikin ɗari bai kai ba. Masu lissafin giram su ne ƙwararrun tseren Faransa da ke hawan tsaunuka, su ɗin ma tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana su hawan keken da bai kai kilo 6.8 ba. Mu kuwa hawan da muke yi bai wuce gadar Kawo ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai ɗan ƙarfe ne da tsawonsa bai wuce yatsa ba, wanda ke riƙe da abin canza giya na baya. Na jingine keken wajen mai shayi, ya zame ya faɗi ta gefen dama, ƙarfen ya ɗan lanƙwashe ba a gani. Ina sa babbar giya sai abin ya shige cikin wili, ji kake ƙas, ya karye. Na kai wa dattijon da ke min gyara a Tudun Wada, ya jujjuya guntun a tafin hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan ba irin namu ba ne. Da na baƙin ƙarfe ne, da tuni mun kai Panteka an yi walda." Ashe da gangan ake yin sa da taushi, don ya karye a madadin jikin keken, kuma kusan kowane samfurin keke da irin nasa. Na sa aka aiko daga Legas, ya zo ramin kusoshi bai dace ba. Dole sai daga waje, a farashin dala, ga jira. Hunturu ya zo ya wuce keken na jingine a ɗaki, lokacin da hawa ya fi daɗi.

Ba shi kaɗai ba ne ma. Sarƙar giya goma sha ɗaya ta fi ta takwas siranta, ba ko'ina ake samunta ba. Bawul ɗin tib ɗinsa siriri ne dogo, bakin famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Tayarsa mai faɗin milimita 25 kuwa, in ta daki bakin rami da ƙarfi, sai ka ga huda biyu a jere.

A wannan jiran na aro tsohon kekena daga wajen ƙanena. Na sa masa taya mai faɗin milimita 28, na rage iska kaɗan, muka ɗaga sirdi har ƙafata na kusan miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Ciwon gwiwa ya tafi, girgizar hanya ta ragu a hannuna, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan ya canza min hawa fiye da kabon ɗin.

In har ranka ya biya kuma kana da hali, saya, ba zan hana ka ba. Amma kada ka biya sai mai sayarwa ya haɗa maka da wannan ɗan ƙarfen guda biyu, ka kwance na jiki ka gwada su a gabansa, ka kuma tambayi faɗin tayar da jikin keken zai iya ɗauka.