Hutun bazara a Maraɗi da auren abokina

Makarantu a nan Nijar suna buɗewa ne a watan Oktoba, shi ya sa hutun ƙarshen zango na biyu yakan faɗo wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, daidai lokacin da bazara ta kankama, zafin rana yana haura maki 40 a ma'auni. Ni malamin makaranta ne a Yamai, kuma da yawa daga cikin abokan aikina sukan zauna ne a wannan hutu su duba takardun ɗalibai, saboda gajere ne, kuɗin mota kuma ba kaɗan ba ne. Bana dai na tafi gida Maraɗi, domin na daɗe ban ga iyayena ido da ido ba, kuma abokina na ƙuruciya, wanda muka yi karatun allo a tsangaya ɗaya, an sa ranar aurensa a cikin hutun.

Tsakanin Yamai da Maraɗi akwai tafiyar sama da kilomita 600, motar safa kuwa tun kafin asuba take tashi. Muka wuce Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, muka tarar da buhunan albasa jibge a bakin hanya a Galmi, sannan Madawa da Gidan Rumji. Da muka shiga Tibiri kowa ya fara tattara kayansa, don duk ɗan Maraɗi ya san daga nan tafiya ta ƙare.

Gidanmu yana Bagalam, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin gari. Inna ta tarbe ni da ruwan randa da fura wadda ta sha nono, ta zauna tana kallona har na shanye, sannan ta fara lissafa mini gidajen da zan je. Akwai inda aka yi rasuwa ban zo gaisuwa ba, akwai inda aka haihu ban zo barka ba, akwai kuma tsofaffin da ba su iya fita, waɗanda kullum suke tambayarta labarina. Na ce mata, "Inna, ai duk na kira su a waya a lokacin." Sai ta ce, "Waya ta isar da saƙo, amma zumunci a ƙafa yake, kuma wanda aka yi wa mutuwa fuskarka yake son gani." Washegari da sassafe, kafin rana ta yi zafi, na hau babur ɗin ƙanena na soma zagaye.

Ziyarar da ta fi taɓa ni ita ce ta gwaggona, yayar mahaifina, wadda take zaune a wani ƙauye kusa da Madarumfa. Idanunta sun yi rauni ƙwarai tun bara. Da na yi sallama ta gane muryata nan take, ta ce in matso, ta kama hannuna ta riƙe, ba ta sake shi ba har muka gama gaisawa, gaisuwa irin ta mutanen da, wadda ake tambayar gida da aiki da gajiya da zafi ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba. Ta tambaye ni ko a Yamai ana samun gero mai kyau, ta sa jikarta ta ɗebo mini gyaɗa da kuka da daddawa, duk da na san abin da ke rumbunsu a wannan lokaci na shekara ba shi da yawa. Ban ƙi karɓa ba, domin ƙin karɓar kyautar tsohuwa ya fi karɓarta ciwo a zuciyarta. Mazan gidan kuwa suna gona suna shara da kai taki a amalanke, suna shirin damina. Gawo ne kaɗai yake da ɗanyen ganye a gonakin, awaki jajaye irin na Maraɗi suna kwance a inuwarsa.

Abokina tela ne, yana da shago kusa da babbar kasuwa. Ya daɗe yana neman wannan yarinya, iyaye sun san da magana, an kai gaisuwa, amma sa rana ya gagara shekara da shekaru saboda abin hannunsa bai kai ba. Wanda bai san Maraɗi ba zai yi mamakin yadda abin da ya faru a Najeriya yake shiga aljihun tela a nan. Garin yana da kusan kilomita 50 ne daga iyaka, kuma yawancin yadi da zare da kayan masarufi ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya suke shigowa. Da aka rufe iyakar a watan Agusta na 2019 ba a buɗe ba sai Disamba na 2020, aka sake rufe ta a 2023 na tsawon watanni, kuma a duk lokutan biyu ciniki ya tsaya, abin da ya tara na aure ya tafi a cefane da kuɗin hayar shago. A kan wannan kuma ga lefe, wanda a yanzu wasu gidajen ba su karɓar akwati ɗaya, ga kuɗin ɗinki, ga gidan haya da za a biya na watanni kafin a ba ka makulli.

Mahaifin yarinyar ne ya yanke maganar. Dattijo ne mai sayar da hatsi, ba mai arziki ba ne, kuma ba mai yawan magana ba. Ya aika aka kira kawun abokina, ya ce masa shi ƴarsa zai aurar, ba kasuwa ya buɗe ba, saboda haka a kawo sadaki gwargwadon hali da akwati ɗaya, a bar zancen liyafar otel da kiɗan dare. An ce wasu daga cikin matan dangi ba su ji daɗi ba, sun ce za a yi musu dariya a unguwa, amma ya tsaya a kan bakansa. Ni a ganina wannan dattijo ya yi abin da wa'azi mai yawa bai yi ba, domin kowa a garin nan yana kukan tsadar aure, malamai suna faɗa a masallaci da gidajen rediyo, amma idan abin ya zo kan ƴar mutum sai ya ji tsoron bakin mutane. Samari nawa ne a fadodin shayi na unguwannin Zariya da Sabon Gari a nan Maraɗi suka haura shekara talatin ba aure, ba don ba su so ba?

An ɗaura auren da safe a ƙofar gidan amarya. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi a gaba don dattawa da malamai, kujerun roba a baya don sauran jama'a. Wakilin ango ya matso ya nemi aure a madadin ɗansa, waliyyin amarya ya ce ya bayar, aka faɗi sadaki a fili, aka ƙirga shi lakadan a gaban shaidu, liman ya yi huɗuba gajera, aka shafa fatiha. Sai sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya ya sanar da cewa an ɗaura, daga cikin gida kuma guɗa ta tashi. Aka raba goro da dabino da alewa. Duk abin bai kai rabin sa'a ba, kuma shi ne auren gaba ɗaya a wurin Allah da wurin shari'a. Ina zaune kusa da ango, na ga hannunsa yana rawa lokacin da yake shafa addu'a, mutumin da na san shi da dauriya tun muna yara.

Wani abin da ya burge ni shi ne yawan baƙin da suka zo daga tsallaken iyaka. Dangin mahaifiyar amarya mutanen Jibiya ne, wasu kuma daga birnin Katsina suka taso, kuma da aka zauna cin abinci ba ka iya bambanta su da mutanen gari sai idan sun ciro kuɗi, wannan naira, wancan sefa. Ba abin mamaki ba ne, tunda Maraɗi kanta Katsinawa ne suka mayar da ita mazauninsu bayan birninsu ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, suka taru ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma har yau sarkin garin Sarkin Katsina ake ce masa. Wani tsoho daga cikin baƙin ya ce mahaifinsa ya san garin tun yana can ƙasa a bakin gulbi, kafin ambaliyar 1945 ta cinye shi a dawo kan tudu. Hirar ta kai ga layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, kowa yana fatan ya ga ranar da zai zo biki a jirgin ƙasa.

Walimar a gida aka yi ta, shinkafa da miya da dambu da naman rago, mu abokan ango muka yi ta kai da kawowa da faranti da ruwan sanyi, don a irin wannan zafi ƙanƙara ta fi nama daraja a wurin baƙo. Da dare aka kai amarya. Kafin a fito da ita an kai ta wurin mahaifinta ya yi mata faɗa, ana jin kukanta daga zaure, kuma ko da yake kowace amarya tana kuka, wanda yake da ƙanne mata ba ya jin wannan kuka ya zauna daidai. Mun raka ango daga baya, muka yi sayen baki da ƙawayen amarya, suka ja ciniki yadda aka saba, aka daidaita cikin raha, babbanmu ya yi addu'a muka fito.

A ɗakin ne na lura da abin da mu maza ba mu cika lissafawa ba idan muna kukan tsadar aure. Gado da katifa da kujeru da labule da jeren kwanoni da tukwane, duk daga gidan amarya suka fito, kuma Inna ta gaya mini cewa mahaifiyar yarinyar ta shafe shekaru tana zubin adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kafin ta haɗa su, har da akuyoyinta biyu ta sayar. Bayan haka ga gara tana jiran ta. Mijinta ya sauƙaƙa wa ango, amma ita babu wanda ya sauƙaƙa mata, domin matan unguwa za su zo ganin ɗaki, kuma abin da suka gani shi za su faɗa. Idan har da gaske muke yi a kan rage nauyin aure, to dole a duba wannan ɓangare, kuma dangin ango ne ya kamata su fara cewa ba su buƙatar gara, su faɗa da bakinsu tun kafin a sa rana, don uwar amarya ba za ta taɓa iya faɗar haka da kanta ba.

Ban samu halartar buɗar kai ba saboda hutu ya ƙare. A daren da zan tafi muka zauna da Baba a ƙofar gida bayan sallar isha'i, na ba shi labarin abin da na gani a ɗakin da abin da Inna ta faɗa mini. Ya saurara har na gama, sannan ya ce akwai waɗanda suka fara aiko da magana a kan ƙanwata, kuma ƙanena ma ya nuna wadda yake so. Ya ce, "Idan lokacin ya zo, na ƙanwarka zan yi yadda mai hatsi ya yi. Na ƙanenka kuma kai za ka je gidan yarinyar tare da kawunka ku gaya musu mun yafe gara." Na ce, "To Baba, Allah ya kai mu." Ya ce in shirya zuwa a babban hutu, bayan an gama jarrabawar ƙarshen shekara, domin a lokacin yake so a kai gaisuwar.