Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Aka Rufe Bankinmu

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗauke ni daga sashen rijista aka mayar da ni kan kanta, na zama kashiya. Tun daga ranar wasu cikin dangi ke kirana a waya, wai kada in taɓo maganar kuɗin Kawu, abin da ya wuce ya wuce. Zan taɓo ta. 'Ya'yansa sun yi shekara da shekaru suna ba da labarin yadda suka ga dama, ni kuwa na kame bakina saboda darajar Inna. Yanzu Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ba sauran wanda zan ji wa kunya.

Yaran yanzu ba za su gane yadda banki ya zama sana'ar kowa da kowa a wancan lokaci ba. Bayan gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, sai aka sassauta ba da lasisi. Bankunan da ba su wuce 40 ba a 1985, kafin farkon shekarun 1990 sun kai wajen 120. Da yawansu ba don ajiya da ba da bashi aka kafa su ba, cinikin dala ne ya kawo su: a saya da araha a farashin gwamnati, a zagaya ta baya a sayar a kasuwar bayan fage. Namu ma da wannan iskar ya tashi. Ba zan kama sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani.

Kawu da ƙafarsa ya zo. Wannan nake so a rubuta a ajiye. Ba ni na ja shi ba, kuma ba kwaɗayin kuɗin ruwa ya kawo shi ba kamar yadda babban ɗansa ke yaɗawa, domin asusun da ya buɗe ma ba mai ruwa ba ne, shi ya ce ba ya son ko kwabo ya hau kan dukiyarsa. 'Yan fashi ne suka tare motarsa a hanya, ya ga zama da tsabar kuɗi a gida ya zama haɗari. Ranar da ya zo, ya karɓi talinsa na tagulla ya zauna a benci kamar kowa, bai ce a kira masa ni ba. Da lambarsa ta zo gabana, ya turo kuɗin ta ƙarƙashin gilashi a ɗaure da kyauro, ya ɗaga kai ya dubi silin da fankoki da marmara, sannan ya ce, "Ɗan nan, gini ba ya riƙe amana, mutum ke riƙewa. Su waye masu wurin nan?" Na ce, "Kawu, manyan mutane ne, kuma da lasisin gwamnati." Bai ƙara cewa komai ba.

Su waye masu wurin? A lokacin sunayensu kawai na sani a jikin kalanda. Daga baya na san su ta takarda. Darakta zai rubuta layi biyu a bayan katinsa, direba ya kawo, manaja ya fito da kansa ya ce a ƙirga. Ba jingina, ba takardar fili, ba mai tsaya masa. Bashin ya kwanta shekara biyu ba a biya ko sisi ba, amma a littafi ana ta lissafa masa ruwa ana kiransa riba, a ƙarshen shekara a raba wa masu hannun jari. Babban Bankin Nijeriya ya fito da ƙa'ida a 1990 cewa bashin da ya daina motsi a ware shi, a tanadi kuɗin cike gurbinsa. Sai namu suka koyi sabunta bashin a takarda kafin masu bincike su iso. Da idona na ga an kwana a ofis ana wannan aiki.

Abin ya fara fitowa fili bayan rikicin 12 ga Yuni na 1993, lokacin da mutane suka yi ta kwashe kuɗinsu suna komawa garuruwansu. Sai cakinmu ya fara dawowa daga wurin musayar caki. Sai aka ce kowane mai ajiya ga iyakar abin da za a ba shi a rana. Ni ne a bakin taga. Ni ne mai cewa tsohuwa 'yar fansho ta dawo gobe, alhali na san goben ba ta fi yau ba. Manaja yana ciki ya kulle ƙofa, zagin duk a kaina yake sauka.

A nan ne na yi abin da 'ya'yan Kawu ba sa faɗa. Mun yi rantsuwar riƙe sirri ranar da aka ɗauke mu aiki, amma na je gidansa bayan isha'i na durƙusa na ce, "Kawu, a fara rage kuɗin nan." Ya dube ni ya ce, "Ashe ginin ne." Ya fara cira kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ake bayarwa, kuma abin da ya fitar a watannin nan da shi aka rufa asirin gidan daga baya. Da wani ya ji na faɗa, da korata za a yi a ranar.

A 2009, ina zaune a shagon da nake riƙe wa surukina lissafi, na ji a rediyo gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, 14 ga Agusta, an zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Bayan 'yan kwanaki aka buga sunayen manyan masu cin bashin a jaridu. Na sayi jaridar na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ba don na san su ba. Maganar Kawu ce ta dawo mini, su waye masu wurin nan. A wannan karon mai ajiya bai yi asarar kuɗinsa ba, masu kujera ne suka tashi. Da haka aka yi a zamaninmu, da Kawu bai mutu da takarda a aljihu ba.

Na yi gaba da yawa. Gwamnatin Abacha ta kafa dokar bankunan da suka durƙushe a 1994, aka buɗe kotuna na musamman, aka tsare wasu shugabannin bankuna, wasu suka tsere ƙasar waje. Mu dai muna nan muna zuwa aiki, albashi wata ya zo wata bai zo ba. A Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda, namu yana ciki. Da safe muka tarar da 'yan sanda a ƙofa da sanarwa a manne. Jami'an hukumar inshorar ajiya, NDIC, suka karɓi makullai, suka sa muka ƙirga abin da ya rage a sito a gabansu muka sa hannu.

Dole in yi wa wannan hukuma adalci. A 1988 aka kafa ta, kafin nan kuwa idan banki ya mutu, ya mutu da kuɗinka ke nan, kamar yadda aka yi wa mutane a farkon shekarun 1950 lokacin da ƙananan bankunan 'yan ƙasa suka yi ta rushewa. Amma iyakar abin da doka ta lamunce wa kowane mai ajiya a lokacin naira 50,000 ne. Mai ƙasa da haka ya karɓi nasa cif. Na Kawu ya ninka haka sau da yawa. Ya karɓi dubu hamsin, sauran aka ce sai an sayar da kadarori an karɓo basussuka, sannan a riƙa biya kashi-kashi. Su wa za a karɓo bashin a hannunsu? Masu katin nan. Iyakar ta koma 200,000 a 2006, ta koma 500,000 a 2010, a 2024 aka kai ta miliyan 5. Duk lokacin da aka ƙara sai na lissafa da kuɗin Kawu.

Shi bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ko a jinyarsa ta ƙarshe, da babban ɗansa ya tayar da maganar a gabana, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar yaron nan. Shi ya riƙe tasa amanar. Na gaya muku gini ba ya riƙewa." Mutum huɗu ne a ɗakin, biyu suna raye, in ƙarya nake yi su fito su faɗa. Kuma ba wanda ya taɓa tambayata ni nawa na rasa. Albashina da ya maƙale, da kuɗin sallama, da ɗan abin da Hajiya ta tara na ɗinki, duk a bankin suke.

Zamanin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, da aka ce kowane banki ya kawo jarin biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, ni na riga na bar harkar, daga nesa na kalla. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda aka kira ni ba da shaida a kan takardun da muka sa wa hannu, da abin da manajanmu ya aiko a gaya mini kafin ranar.