Ranar da na so in huda soron kakanmu

Bikin ƙanina ne ya jawo duk wannan. Aka ce a gyara gidanmu na Argungu kafin baƙi su zo, ni kuma da na saba shiga falon mutane a Birnin Kebbi ina ganin ƙananan fitilun nan da ake nutsarwa cikin silin, haske na zubowa ba ka ganin ƙwai ba ka ganin waya, sai nace wallahi mu ma sai mun yi. Na siyo guda 12, LED masu wat 6, sirara zagayayyu, kowace da ɗan akwatinta da masu wayarin ke cewa direba, da sifirin biyu a gefe da suke riƙe ta in an tura ta cikin rami.

Abin da ban yi tunani ba shine waɗancan falukan duk POP ne sabo, allo mai laushi da wuƙa ma za ta yanka, sannan samansa fili ne fayau. Namu ba haka bane.

Falo muka fara. Silin ɗinsa tsohuwar filasta ce da aka shafa kan ragar ƙarfe tun baba na saurayi, ta bushe ta yi tauri kamar ƙashi. Yaron mai wayarin ya hau tsani da diril da zarton nan mai zagaye, ya danna da ƙarfinsa, ban gama cewa a hankali ba sai ga tsagewa ta ruga kamar taku biyu, wani ɓangare kamar faranti ya faɗo kan kujerar da aka sabunta jiya-jiya, ƙura da kashin jemage na shekara da shekaru suka biyo baya. Inna ta leƙo ta kalle ni ta kalli silin, ba ta ce komai ba ta koma, ni da ta yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Da ogan yaron ya dawo sai ya karɓi aikin da kansa, kuma a nan na ga bambanci. Ya fara kashe wuta daga babban suwic. Ya bi silin yana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba, inda ya ji sauti kamar ganga yace nan filasta ta riga ta rabu da raga, ba a taɓawa. Inda ya zaɓa sai ya yi ɗan ƙaramin huji, ya lanƙwasa waya ya zura yana juyawa don ya ji ko akwai katako a kusa, ya manna salatif zagaye da wurin, sannan ya yanka filastar a hankali ba dannawa, ragar kuma ya bi ta da almakashin ƙarfe. Rami ɗaya ya ci kusan rabin awa. Bakin ramin ma sai da ya ƙara masa ƙarfi, don sifirin ɗin in ya matse tsohuwar filasta marmashe ta yake yi, fitila ta fara leƙowa. Wayoyin da muka tarar a sama kuwa robarsu na karyewa a hannu, dole aka ja sababbi, kuɗin da ban saka a lissafi ba kenan. Ya kuma ce kar a tura direba cikin tarkace, ƙarƙashin kwano a watan Afrilu zafi kaɗai ya isa ya kashe shi.

Ɗakin Inna ya ƙi taɓawa sam. Yace allon asbestos ne, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, gara a ɗaura fitila a kai da a yanka. Ban yi musu ba.

Sai soro. Nan ne na so in fi burge mutane, tunda nan baƙi maza za su zauna. Ina tsaye ina nuna inda za a huda sai Baffa ya shigo da sandarsa. Yace, "Kai ɗana, mi kaka so ka huda? Wanga ba silin ba na, rufin na da kainai." Ya nuna min da sanda, azarar giginya ce aka jera, ƙasa mai kauri a kanta, shafen da nake gani a ƙasa fata ce kawai. Babu wani fili a ciki da fitila za ta shiga, in ka yi rami ko dai ka yanke azarar da ke ɗauke da nauyi, ko ka buɗe wa ruwan Agusta hanya. Kunya ta kama ni, na girma a gidan nan ban taɓa ɗaga kai na duba da kyau ba.

Ƙarshe fitilun bango guda huɗu muka sa masu harba haske sama, waya ta bi ta cikin siririn bututu a kusurwa. Na zaɓi masu ruwan ɗorawa, 3000K, don farin nan na 6500K yana mai da ɗakin ƙasa kamar asibiti. Da aka kunna sai bakan gizon rufin ya fito sarai, har da zanen da hayaƙin aci-balbal ya ɓoye tun da daɗewa. Shida suka shiga falo, sauran shidan suna nan cikin kwali a saman wadirof, in akwai mai POP da ke so ya yi magana.