Kiwon tsutsar baƙin ƙudan soja a zafin Maradi

Ruɓaɓɓen tumatir da mangwaron da ake zubarwa a kasuwannin Maradi abincin kaji ne, in an bi da shi ta cikin tsutsar baƙin ƙudan soja, wato wani ƙuda da tsutsarsa ke cin ruɓaɓɓen abu, ita kuma a ba kaji. Ƙudan ba ya cizo. Macen tana saka ƙwai a tsaga kusa da abinci, don haka a ɗaure ƴan guntayen kwali a saman robar da aka zuba abincin tsutsar. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 4, tsutsar kuma ta kai girbi cikin mako 2 zuwa 3.

Danshi shi ne inda aka fi yin asara. A gauraya ɓawon kayan marmari da dusa har in ka matse a hannu ya dunƙule, ruwa ya ɗan ɗiga kawai. In ya yi ruwa, wari zai tashi, tsutsa ta haura bango ta gudu. Kaurin abincin kada ya wuce santimita 10, domin tsutsar da kanta tana haifar da zafi. Ta fi son digiri 27 zuwa 30, alhali a Afrilu muna wuce 40. Sai rumfa mai iska, da jiƙaƙƙen buhu a kai. Da hunturu kuwa iska ke busar da saman abincin, a riƙa yayyafa ruwa.

Tururuwa fa? A tsoma ƙafafun teburin da aka ɗora robar a kai cikin gwangwanayen ruwa.

A tace da rariya kafin tsutsar ta yi baƙi, a zuba ta a tafasasshen ruwa, a shanya. Busasshiya tana da furotin kusan kashi 40 cikin ɗari, kaji da zabi da tarwaɗa suna cinta sosai. Ragowar kuma taki ne, amma a bari ya huce ƴan makonni kafin ya shiga lambu, ɗanye yana ƙona shuka.