Abin da na koya daga koyarwa tare da wata malama a aji ɗaya

A zangon farko da aka haɗa ni da wata malama domin mu riƙa koyar da lissafi tare, na ɗauka aikin zai yi sauƙi tunda mu biyu ne. Sai ya kasance kusan kullum ni ne a gaban allo riƙe da alli, ita kuwa tana zagayawa tana duba littattafan ɗalibai. Ban ga illar hakan ba sai ranar da wani yaro ya ƙi karɓar gyaran da ta yi masa, ya ce zai jira malamin ajin ya duba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ta fi ni horo kan ɗalibai masu buƙata ta musamman, amma na mayar da ita mataimakiya ba da niyya ba.

Masana ilimi biyu 'yan Amurka, Marilyn Friend da Lynne Cook, sun fayyace hanyoyi 6 na koyarwar haɗin gwiwa, kuma wadda muka tsinci kanmu a ciki, wato ɗaya ya koyar ɗaya ya taimaka, ita ce mafi ƙarancin buƙatar shiri, shi ya sa malamai ke yawan komawa gare ta. Wadda ta fi yi mana amfani ita ce raba ajin gida biyu, kowannenmu ya koyar da darasi guda a lokaci guda, domin yaran da ba sa ɗaga hannu a cikin taro sun fara magana, duk da cewa surutu ya ƙaru. Keɓe ƙaramin rukuni kuwa yana buƙatar taka-tsantsan, saboda idan yara iri ɗaya ake janyewa gefe kullum, 'yan ajin za su yi musu lakabi da marasa ƙoƙari. Don haka muka riƙa sauya waɗanda ake keɓewa, har da hazikan, muna kuma karɓa-karɓa wajen zama da su.

Duk wannan bai yiwu ba sai da muka ware minti 30 kowane mako domin tsara darasi tare, inda muke daidaitawa kan ladabtarwa, ba da maki, da wanda zai buɗe darasin. Hanyar da har yanzu take ba mu wuya ita ce mu tsaya gaban allo tare muna karɓar bayani daga bakin juna, kuma muna amfani da ita ne kawai idan tambaya tana da hanyoyin warwarewa biyu.